Me ya sa allurar LA ba ta ceci awakina ba, kuma me Plowright ya yi wa ciwon bushiya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ina kiwon awaki da 'yan kajin Hausa a bayan gida a Bukuru. Kafin babbar Sallah na sayo awaki biyu a kasuwa na zuba cikin nawa. Bayan kamar mako guda sai garken ya kama majina, idanu na kwantsa, baki ya yi gyambo, ga zawo mai wari. Mai shagon maganin dabbobi ya ba ni allurar LA na yi wa kowacce, amma bakwai suka mutu cikin ashirin da biyu. Ɗana da ke karatun kiwon lafiyar dabbobi a Vom ya ce cutar bairas ce, antibayotik ba ya kama ta. Ya kuma ce wani Bature mai suna Plowright, da ya taɓa aiki a Vom, shi ya kawo ƙarshen ciwon bushiya na shanu ba da irin wannan allurar ba. Don Allah ku fayyace mini: me mutumin ya yi, me ya sa allurar ba ta yi aiki ba alhali wasu sun warke, kuma me zan yi yanzu?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma yi wa yaron albarka, don ya faɗa maka gaskiya.

Alamun da ka lissafa, da yadda suka ɓullo kwanaki kaɗan bayan shigowar baƙin awaki, sun fi kama da annobar awaki da tumaki wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yawanci kwana 4 ne zuwa 6. Zazzaɓi ke fara zuwa, zafin jiki ya kai digiri 40 zuwa 41, sai majina mai ruwa ta yi kauri har ta toshe hanci, dasashi da cikin leɓe su sassale, zawo ya biyo baya, tari ya rufe. Ta fi yi wa awaki mugun kamu a kan tumaki, kuma a garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kwashe mafi yawansu. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai yanke hukunci, domin akwai wasu ciwukan huhu da na baki masu kama da ita, amma a kan wannan zato za mu gina amsar.

Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, da katangar gidanta da murhunta. Bairas kuwa ba shi da katanga, ba shi da murhu, a murhun akuyarka yake girki. Wato yakan shiga cikin ƙwayoyin jikin dabbar ya tilasta musu su riƙa ƙera irinsa. To kowane antibayotik da wani sashe na jikin bakteriya yake faɗa. Penisilin yana hana ta gina bangon da ya kewaye ta, sai ta fashe. Oksitetarasaikilin, wanda shi ne a cikin kwalbar LA (LA na nufin mai daɗewa yana aiki a jiki), yana toshe wurin da take haɗa furotin ɗinta, haka ma sitireftomaisin. Bairas ba shi da ko ɗaya daga waɗannan sassan, don haka maganin bai da inda zai kama.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana cikin ɗakin gwajin kansa, kuma ita ce ta haɗa tarihin antibayotik da na binciken bairas na dabbobi. A yawancin wuraren da ake rainon bairas, ruwan da ake rainonsa a ciki ɗauke yake da antibayotik. Ma'aunin da aka saba shi ne yunit 100 na penisilin da maikirogiram 100 na sitireftomaisin a kowane mil ɗaya. Da gangan ake zubawa, don su kashe duk bakteriyar da ta faɗo daga iska ko hannun ma'aikaci. Bairas ɗin kuma yana hayayyafa abinsa a cikin wannan ruwan, ko gezau. Abin da bai mutu ba yana ninƙaya cikin magani a kwalba, ba zai mutu ba don an tsira wa akuya mil biyu.

Kafin a sami wannan dabarar, aikin bairas wahala ne tsantsa. Tun 1898 Friedrich Loeffler da Paul Frosch a Jamus suka nuna cewa abin da ke kawo ciwon baki da kofato yana ratsa matacin da ke tare bakteriya, kuma shi ne bairas na farko da aka gano a dabba. Amma shekaru da dama bayan haka, mai son nazarin bairas yawanci sai dai ya sa shi a jikin dabba mai rai ko cikin ƙwai mai ɗan tsako, domin sau da yawa naman da aka ajiye a kwalba bakteriya kan ruɓar da shi. Alexander Fleming ya lura da penisilin a 1928, Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da shi magani a farkon shekarun 1940, Albert Schatz da Selman Waksman suka samo sitireftomaisin daga ƙwayar da ke zaune cikin ƙasa a 1943. Da waɗannan biyun suka samu, sai rainon ƙwayoyin jiki a kwalba ya zama aikin da za a iya yi kullum. A 1949 John Enders da abokan aikinsa biyu a Amurka suka raini bairas ɗin shan inna ta wannan hanya. Wannan ƙofar ce Walter Plowright ya shiga.

Matasan makiyaya na yau ba su san bushiya ba sai a bakin tsofaffi, kuma wannan kansa shi ne girman aikin da aka yi. Ciwon shanu ne mai zazzaɓi, da hawaye, da gyambon baki, da zawo mai jini, yana kashe dabba cikin mako ɗaya zuwa biyu. Babbar annobarsa ta shigo Afirka ta gabar Bahar Maliya wajen 1887, ta ratso yamma har ƙasar Hausa da Borno a farkon shekarun 1890, ta bar Fulani da yawa ba ko saniya ɗaya. Saboda wannan ciwon ne aka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom a 1924, wanda ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, NVRI, da muke da ita yau a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Hanyar da aka fara bi ita ce a yi wa saniya allurar jinin mai ciwo, a lokaci guda a ba ta ruwan jinin wadda ta warke don ya rage kaifin ciwon. Tana ba da kariya, amma wasu shanun na mutuwa, kuma jinin kan ɗauko wasu cututtukan ya raba wa garke. Daga baya aka samu bairas ɗin da aka raunana ta hanyar bi da shi jikin awaki a Indiya, da wanda aka bi da shi jikin zomaye a Japan. Sun fi na da, sai dai na awakin yana kwantar da wasu jinsunan shanu, kuma kowane zubi sai an yanka dabbobi da yawa kafin a haɗa shi.

Plowright likitan dabbobi ne ɗan Ingila, an haife shi a 1923. Ya fara aiki a Kenya a 1950, ya yi wasu shekaru a Vom, sannan ya koma cibiyar bincike ta Muguga kusa da Nairobi a 1956. A can ne, tare da abokin aikinsa R. D. Ferris, ya yi aikin da aka san shi da shi. Ƙarin bayani ke nan a kan maganar ɗanka: mutumin ya zauna a Vom, amma a Kenya aka haɗa allurar.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗaukar ƙodar ɗan maraƙi, a yayyanka ta ƙanana, a jiƙa cikin sinadarin tirifsin har ƙwayoyin su rarrabu. A zuba su a kwalba mai faɗin ciki tare da ruwan abinci da antibayotik ɗin da muka ambata, a ajiye a zafin digiri 37. Cikin 'yan kwanaki sai su manne a jikin gilashin su shimfiɗu kamar fata guda. Sai a ɗiga bairas ɗin bushiya. Idan aka duba da madubin ƙara girma za a ga ƙwayoyin sun fara dunƙulewa, wasu sun narke cikin juna sun zama ƙatuwar ƙwaya mai cibiyoyi da yawa, daga baya su ɓamɓare. A ɗebi ruwan wannan kwalbar a zuba a sabuwa, a sake jira. Kowane zagaye yana zaɓo bairas ɗin da ya fi iya rayuwa a kwalba, kuma a hankali yana rasa ƙwarewarsa ta kwantar da saniya. Plowright ya yi ta maimaitawa yana gwadawa a jikin shanu, har ya kai zagaye wajen 90, inda ya sami irin da ba ya sa ciwo ko kaɗan amma jiki na gane shi ya haɗa garkuwa. Zuwa farkon shekarun 1960 allurar ta kammala.

Abin da ya sa ta yi fice shi ne allura ɗaya tak tana kare saniya har ƙarshen rayuwarta. Ba ta zaɓar jinsi, ana yi wa mai ciki, wadda aka yi wa ba ta harbin ta kusa da ita, kuma ana iya haɗa dubban allurai daga kwalabe kaɗan a busar da su su zama gari. Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba, wadda a ganinmu ta kai allurar kanta muhimmanci. Da zarar an iya ganin ɓarnar bairas a kwalba, to an sami ma'auni. Ana iya auna ƙarfin kowane zubin allura kafin a fitar da shi, ana kuma iya ɗibar jinin saniya a gwada ko yana hana bairas ɗin ɓarna, wato ko tana da garkuwa. Ba don wannan ba, da babu yadda za a yi ƙasa ta tabbatar cewa ciwon ya ƙare a cikinta. Plowright ya kuma yi aiki a kan zazzaɓin aladu na Afirka, inda ya nuna rawar da wata kaska mai taushi ke takawa wajen ajiye bairas ɗin, ya kuma ware bairas ɗin wani ciwon shanu mai kisa da suke ɗauka daga namun dawa. An ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 1999.

Amma allura mai kyau ba ta isa ita kaɗai ba, kuma Najeriya ta ɗanɗana wannan da kanta. A 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa mai suna JP15 a ƙasashen tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe 22 kafin a rufe shi a 1976. Ana bin garke shekara uku a jere, ana huda kunnen wadda aka yi wa don a gane ta. Dalilin maimaitawar shi ne ɗan maraƙi yana shan garkuwar uwa a nonon farko, kuma muddin tana jikinsa takan kashe allurar kafin ta yi aiki, sai an dawo masa bayan ya girma. Ciwon ya yi ƙasa sosai har aka saki jiki. Kuɗi ya ƙare, aka daina bin 'yan maruƙan da ake haifa, alhali bairas ɗin yana nan laɓe a wajen Mali da kuma yankin Sudan da Habasha. Da sabbin shanu marasa garkuwa suka yi yawa, sai ya taso daga gabas da yamma a farkon shekarun 1980, ya yi wa makiyayan Arewa mummunar ɓarna a 1983. Dole aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986.

Raunin allurar Plowright shi ne zafi. Sai a cikin sanyi take rayuwa, wuraren da ciwon ya maƙale kuwa ba hanya, ba wuta. Wajen 1990 Jeffrey Mariner da abokan aikinsa suka gyara yadda ake busar da ita har ta iya yin wata guda ba firji, aka kuma koya wa makiyayan Habasha da kudancin Sudan yin allurar da kansu. An ga bushiya ta ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya a 2001. A 2011 hukumomin duniya suka bayyana cewa ta ƙare a doron ƙasa, ita ce cuta ta biyu da aka kawar bayan agana. Plowright ya rasu a 2010, shekara guda kafin sanarwar.

Yanzu ga inda labarin ya iso garkenka. Bairas ɗin PPR ɗan uwan na bushiya ne na jini, haka ma na ƙyandar yara. An fara bayanin cutar a Kwaddibuwa a 1942. Saboda kusancin, an daɗe ana yi wa awaki allurar Plowright tana kare su, sai aka hana a shekarun 1990 don kada garkuwar da take bari a jini ta rikita masu neman ragowar bushiya. Wadda ta maye gurbinta tana da suna mai daɗin ji a gare mu: Nigeria 75/1. Daga jikin wata akuya a Najeriya aka ware bairas ɗin a 1975, Adama Diallo da abokan aikinsa a Faransa suka raunana shi a kwalba da irin dabarar da muka bayyana, suka fitar da sakamakon a 1989. Ita ce ake amfani da ita a yawancin Afirka da Gabas ta Tsakiya, NVRI ma tana haɗa ta a Vom. Allura ɗaya tana karewa aƙalla shekara uku. A 2015 aka amince a Abidjan cewa za a kawar da PPR daga duniya nan da 2030.

To me ya sa wasu awakinka suka warke bayan LA? Dalili biyu ne. Na farko, ko ba a yi musu komai ba wasu za su tashi, domin jikinsu ya ci ƙarfin bairas ɗin. Na biyu, PPR tana karya garkuwar jiki ta kuma ƙuje hanyar numfashi, sai bakteriyar da ke zaune lafiya a hanci da maƙogwaro, irin su Pasteurella da Mannheimia, su gangara huhu su haddasa namoniya. Akuya da yawa wannan ciwon na biyu ne ke ƙarasa su. A nan antibayotik yana da amfani na gaske, kuma likita zai iya rubuta shi ga waɗanda ke tari da numfashi sama-sama. Kuskuren shi ne a yi wa garke duka, mai ciwo da lafiyayye, a kuma ɗauka an yi maganin annobar, a bar su cuɗe a wuri ɗaya.

Ko inda ya dace ma, yawancin asarar a wajen awo ake yin ta. Duba jikin kwalbar. Wadda aka rubuta 20% ita ce LA ta ainihi, miligiram 200 a kowane mil, ana ba da mil 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, can cikin tsokar wuya. Akuya mai kilo 20 mil 2 ke nan, kuma yana aiki kamar kwana uku. Akwai kuma mai 5%, kala ɗaya, kwalba kusan iri ɗaya, ta fi araha. Ita miligiram 50 ce a mil, ana ba da kamar mil 1 ga kilo 5, kullum, kwana 3 zuwa 5. Wanda ya sayi mai 5% ya yi awon LA sau ɗaya, rubu'in magani ya bayar, kuma washegari babu sauransa a jini. Nauyi ma kada a yi kirdado: ka hau sikeli riƙe da akuyar, ka sauke ta ka sake hawa, ka cire. Kada a zuba fiye da mil 5 a wuri ɗaya ga akuya, ko mil 10 ga saniya, domin maganin na ƙona tsoka ya bar ƙurji. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Oksitetarasaikilin da ya sha rana a kan tebur har ya yi duhu sosai, a bar shi.

Wani misali da ke nuna cewa sunan magani kaɗai bai isa ba shi ne ciwon huhu na shanu. Ƙwayar da ke kawo shi, Mycoplasma, bakteriya ce amma ba ta da bango, don haka penisilin ba ya taɓa ta. Tailosin da oksitetarasaikilin suna kwantar da alamun, amma saniyar na iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar a ƙulle cikin huhu. Shi ya sa can ma rigakafi ake dogara da shi.

Ƙarancin awo yana da wata illa da ta wuce asarar kuɗi. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa wanda ya sha penisilin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jure masa. Maganin da bai kai ba yana kashe masu rauni ya bar masu taurin kai su gaje wurin. Stuart Levy ya gwada wannan a wata gonar kaji a Amurka, ya buga sakamakon a 1976. Ya sa oksitetarasaikilin kaɗan a abincin wasu kaji. Cikin mako guda kusan duk bakteriyar hanjinsu ta zama mai jure maganin, bayan 'yan watanni ta fara jure wasu magungunan da ba a ma ba su ba, kuma cikin wata biyar zuwa shida aka ga irin wannan ƙwayar ta yawaita a cikin iyalin da ke zaune a gonar fiye da maƙwabtansu. Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba a 2006. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka fi ƙarfin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wannan ya sa muke damuwa ƙwarai da al'adar zuba garin magani a ruwan 'yan tsaki tun ranar farko ba ciwon komai. A gida kamar naka, inda awaki da kaji da yara ke tsakar gida ɗaya, abin da ya koyi jure magani a cikin akuya ba shi da nisa da cikin yaro.

Abin yi yanzu, Malam, ka fara da raba masu ciwo da lafiyayyu, kowanne da kwanon ruwansa da na dusarsa. Ka riƙa fara hidimar lafiyayyu, ka ƙare da marasa lafiya, sannan ka wanke hannu da takalmi da sabulu. Kada ka sayar da ko ɗaya, kada kuma su fita kiwo su haɗu da na maƙwabta har sai an yi mako uku ba sabon kamu. Zawo ne ke kashe da yawa ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, don haka ruwan gishiri da sukari ya fi allura muhimmanci a nan: ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, babbar akuya mai zawo ta sami kamar lita biyu a yini, kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ba a ɗaga kanta sama don kada ya sarƙe ta. A goge ɓawon hanci da na ido da tsumma da ruwan ɗumi, a wanke gyambon baki da ruwan gishiri, a ba su ɗanyen ganye mai laushi da jiƙaƙƙiyar dusa, a tare musu iskar dare, ka san sanyin Jos. Mushe a binne shi da zurfi. Bairas ɗin ba ya daɗewa a waje, rana da sabulu suna kashe shi. Wadda ta warke ta sami garkuwa har abada kuma ba ta ci gaba da yaɗa ciwon.

Ka kai rahoto ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, don PPR na cikin cututtukan da ake bin sawunsu. Kana da sa'a Vom na kusa da kai. Likita zai ɗebi majinar hanci da ta ido da auduga daga wadda ke cikin kwanakin farko na zazzaɓi, ko huhu da saifa da kaluluwa daga wadda ta mutu ba da daɗewa ba, a sa cikin kula mai ƙanƙara a kai a ranar. Idan ana son a san wane antibayotik ne zai kama bakteriyar huhun, sai a ɗebi samfurin kafin a yi allura, sakamakon kuma kan ɗauki kwana biyu zuwa uku.

Ita allurar rigakafin PPR gari ce a 'yar kwalba, ana ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 8. Ana narka ta da ruwan da ya zo tare da ita, shi ma mai sanyi, a yi mil 1 a ƙarƙashin fata ga kowace dabba daga wata huɗu zuwa sama. Da an narka ta agogo ya fara: a riƙe ta cikin ƙanƙara a inuwa, a gama cikin awa biyu, abin da ya rage a zubar. Sirinjin da aka wanke da sinadarin kashe ƙwayoyi ko aka yi LA da shi yana lalata ta, a yi amfani da sabo ko wanda aka tafasa. Tunda kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, ku haɗu da maƙwabta ku sa rana ɗaya. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma garkuwar na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kafu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin hunturu da kafin hada-hadar Sallah, a kuma riƙa bin 'ya'yan da aka haifa kowace shekara, wato daidai abin da aka yi sake da shi bayan JP15. Duk sabuwar dabba daga kasuwa ta yi mako uku a ware kafin ta shiga garke.

Kajinka ma suna da tasu annobar bairas, cutar Niyukasil, wadda ke share kajin Hausa da hunturu: koren zawo, numfashi da ƙyar, murɗewar wuya. Jan kafso da ake farkewa a ruwa ba ya yi mata komai. Akwai allurar I-2 mai jure zafi, wadda Peter Spradbrow da abokan aikinsa a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka samar don kajin ƙauye, Vom ma na haɗa ta. Ɗigo ɗaya ne a ido ga kowace kaza, babba da ƙarama, duk bayan wata huɗu. Idan kuwa ka ga kaji na faɗuwa da yawa cikin dare ɗaya, tukku da ƙafafu sun yi shuɗi, kada ka ɗauke su zuwa ko'ina, kada a yanka. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a Fabrairun 2006, tana kama mutum, sai a kira jami'ai su zo da kansu.

Awakin da ka yi wa LA kuma, kada a yanka ko ɗaya don ci sai kwanakin jira da aka rubuta a kwalbar sun cika, yawanci mako uku zuwa huɗu, nono kuma kamar mako guda. Dahuwa ba ta kawar da ragowar maganin gaba ɗaya. Masu nono sun san alamarsa: madarar dabbar da ke kan allura ba ta kwana ta yi kindirmo yadda ya kamata, domin maganin ya kashe bakteriyar da ke sa ta tsami. Ka rubuta ranar da ka yi allurar a bangon garken, ka ƙirga daga nan.